Jakarka Sunanka: Nasiha Ga Matasa Masu Bi Ta Filin Jirgin Jidda

'Ya'yana da jikokina,

Kwanakin baya ɗan ƙanena ya shigo mini da sabon fasfo a hannu, baki har kunne. Allah ya kira shi Umara, kuma karo na farko ke nan da zai sa ƙafa a jirgin sama. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ku da kuka saba da hanyar nan, me zan tarar a filin jirgin Jidda?" Muka zauna a zaure tun bayan la'asar har ladan ya kira magariba. Da ya tafi sai na ga bai kamata maganar ta tsaya a kunne ɗaya ba, tunda yanzu ku ne kuka cika jiragen: mai zuwa ibada, mai zuwa karatu, mai zuwa saro kaya.

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar Makka sai ya bar wasiyya, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Ya bi ta Borno, ya ratsa Chadi, ya shiga Darfur, ya tsallake kogin Nilu, har ya kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, inda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara abin da ya samu, a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno. Ku kuwa, daga Filin Jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, awa biyar ko ƙasa da haka ta ishe ku. Jirgi ya naɗe muku ƙasa, wannan ni'ima ce babba. Sai dai jarrabawar da ke cikin tafiya tana nan yadda take, wuri ɗaya kawai aka tara muku ita. Gajiya da jira, mayaudari mai daɗin baki, da mai rauni da ke neman wanda zai kama masa hannu, duk abin da magabata suka gamu da shi zango-zango, ku za ku tarar da shi a ƙarƙashin rufi guda.

Filin jirgin Jidda, wanda aka sa wa sunan Sarki Abdul'aziz, an buɗe shi a shekarar 1981. Abin da idon alhazanmu na da ya fi riƙewa shi ne sashen alhazai, mai fararen rumfuna 210 da aka yi su da siffar tantuna, masu tsayin gaske, gefensu a buɗe domin iska ta riƙa ratsawa ta rage zafin wurin. A 2019 aka ƙaddamar da sabon gini na zamani, kuma a jikinsa akwai tashar jirgin ƙasa na Haramaini mai gudu, wanda ke kai mutum Makka ko Madina. A shekarar 2023 kaɗai, sama da mutum miliyan 40 ne suka bi ta wannan fili. Ku auna wannan a ranku. A wurin da ake tururuwa haka, babu wanda ya san ɗan gidan wane ne kai. Takardunka ne za su yi magana a madadinka, sai kuma halinka.

Saboda haka shiri daga gida yake farawa. A duba fasfo, a tabbatar yana da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A yi allurar rigakafin shawara da ta sanƙarau da wuri, a adana katin wuri ɗaya da fasfo. A isa filin jirgi da saura awa uku ko fiye a tashi, domin jirgi ba motar tasha ba ce da za a roƙi direba ya ɗan jira. Fasfo, kuɗi, waya, fawa-banki da maganin da likita ya rubuta, haɗe da takardar likitan, duk a jakar hannu suke zama. Turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 kuwa sai a babbar jaka, in ba haka ba a karɓe shi a wurin bincike kana kallo. Wanda zai wuce Makka kai tsaye ya tambayi malaminsa batun miƙati tun a gida, kuma haraminsa ya kasance kusa da hannu. Na sha ganin samari ana sanar da cewa jirgi ya kusa miƙati, su kuwa haraminsu na can cikin kayan da aka auna.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ku ba ni kunnuwanku.

Mu mutane ne masu kara. An raine mu a kan cewa in babba ya aike ka, ba ka tambayar me ke cikin ƙullin. In maƙwabci ya ji za ka yi tafiya ya kawo saƙo, abin kunya ne ka ce a'a. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe zumuncinmu. Amma miyagu sun gano ta, kuma da ita suke farauta a filayen jirgi.

Wata shekara ina tsaye a layin awon kaya a wani filin jirgi na ƙasarmu, sai wani mutum ya matso kusa da ni. Kamili ne a ido, farar riga, hula a karye, carbi a hannu. Ya yi mini sallama cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah alfarma nake nema. 'Yar'uwata na zaune a Makka, ga ɗan yaji da kuka da daddawa mahaifiyarmu ta ba da a kai mata. Bai fi kilo biyu ba." Ya miƙo leda baƙa, an naɗe ta da salatif ta ko'ina. Raina ya so in karɓa, domin sunan uwa ya ambata. Na ce masa, "Malam, ba komai, amma mu kwance ta nan gaban jami'ai mu gani tukuna." Sai ya ce ai ɗaurin zai lalace, bari ya je ya samo wata leda ya dawo. Har muka shiga jirgi ban ƙara ganinsa ba. Ban ce ga abin da ke cikin ledar ba, Allah ne masani. Abin da na riƙe shi ne, mai saƙon gaskiya ba ya gudun a buɗe saƙonsa.

Akwai labarin wata ɗaliba 'yar ƙasarmu da ta je Umara da iyalinta a ƙarshen shekarar 2018. Hukumomin Saudiyya suka kama ta saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa sunanta tun daga gida, alhali ba ta taɓa ganin jakar ba. Wata huɗu ta yi a tsare, sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta kuma gwamnatin Najeriya ta sa baki. Ita Allah ya kuɓutar da ita. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana iya kaiwa ga kisa, kuma jami'in da ya buɗe jaka ba zuciyarka yake dubawa ba, sunan da ke jikin jakar yake karantawa.

Don haka, ɗana, 'yata, jakarka sunanka ce. Kai za ka shirya ta da hannunka, kai za ka rufe ta. In an zo awo, ka tsaya kana kallo har a liƙa mata takarda ta wuce. Sannan ka ƙirga 'yan takardun lambar kaya da aka manna maka a bayan katin shiga jirgi. In jaka biyu ka ba da, biyu za ka gani. In ka ga uku, kada ka gusa daga wurin sai an warware maka. Kada ka ba kowa fasfonka ya je ya auna maka kaya kana zaune, ko da ya ce shi ɗan gari ne ya san kowa. Kada ka yarda a ce, "Kilonka bai cika ba, bari mu ɗora jakarmu a sunanka." In saƙon ɗan'uwa na jini ne, ka karɓa tun a gida, ku buɗe shi tare, ka ga komai da idonka. Ka kuma sani cewa abin da yake halal a kasuwar Kurmi ba lallai ne ya halatta a can ba. Goro, da muke rabawa a ɗaurin aure da suna, hukumar alhazai ta NAHCON ta sha gargaɗin maniyyata kada su tafi da shi.

Na san abin da ke damunku: yaya za a yi yaro ya kalli dattijo ya ce ba zai karɓa ba? Ana iya ƙi ba tare da an ci fuska ba. Ka rusuna ka ce, "Baba, ku yi haƙuri, an hore mu kada mu ɗauki abin da ba mu buɗe ba." Mutumin kirki zai fahimta, har ya sa maka albarka. Wanda ya fusata kuwa, fushin nasa ya riga ya ba ka amsa.

In kun sauka, sai a ɗaura ɗamarar haƙuri. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, a gyara shi tun a jirgi saboda salla. A lokacin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, jirage kan sauka a jere daga Jakarta da Istanbul da Karachi da Dakar, kowa ya nufi layin shige da fice, inda za a ɗauki hoto a dangwala yatsu. Ana iya daɗewa a tsaye. Ga gajiya, ga yunwa, ga jami'in da ke magana da Larabci kai ba ka ji. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa matashi ya tsallake layi ko ya ɗaga murya. Kada ku biye masa. Ban taɓa ganin hayaniya ta matso da layi ko taku ɗaya ba. Kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar jami'ai hoto a wurin bincike. Ku tuna koren fasfon da ke hannunku ba naku ba ne ku kaɗai. Yadda kuka yi a gaban teburin nan, da shi za a auna wanda ke bayanku, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. In kun rikice, ku dubi allo, ku tambayi mai kayan aiki. Matambayi ba ya ɓata.

Kada wani ya ji duk wannan ya ɗauka cewa nake yi ku ƙanƙame jikinku ku daina taimako. A'a. Akwai abin da na gani a Jidda da ba ya fita daga raina. Wata tsohuwa ce, da alama daga ƙauye ta fito, ta tsaya cak a bakin matakalar nan mai tafiya da kanta. Ta miƙa ƙafa ta janye, ta sake miƙawa ta janye. Jama'a na ratsa ta hagu da dama, tawagarta ta yi nisa, idonta ya kawo ruwa, ta ƙanƙame 'yar jakar wuyanta da hannu biyu. Sai wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, wadda ta riga ta hau, ta zagayo ta sauko. Ta ce, "Iya, kawo hannunki. In na ce bismillah sai mu taka tare." Suka taka tare. Har suka kai ƙarshe tana riƙe da ita, ta karanta mata lambar da ke jikin katinta, ta raka ta har wurin mutanenta. Tsohuwar ta dafa kanta tana ta zuba addu'a, har muka wuce ba ta gama ba.

Kun ga irin taimakon da nake nufi. Allah ya ba ku karatu, kuna iya karanta allo, kuna jin Turanci, wasunku har da Larabci, wayar zamani ba ta ba ku tsoro. A kowane jirgi da ya tashi daga ƙasar Hausa akwai wanda ya sayar da amfanin gonar shekaru ya biya kujera, bai taɓa ganin bel mai juyo da kaya ba, bai san yadda ake buɗe famfon da ba shi da marfi ba. Ku zame masa ido da baki. Ku nuna masa makewayi da masallaci, ku cike masa takarda, ku nemo masa keken marasa lafiya in ƙafa ta gaza, ku kira masa 'ya'yansa a gida ya ji muryarsu. Hannunku da iliminku da lokacinku, ku bayar da su ba ƙyashi. Sunanku ne kaɗai ba a ba da aro.

A dawowa kuma, son tsaraba kan rufe ido. Za ku ga mutane sun baje jakunkuna a tsakar fili, ana fitar da dabino da dardumai da jallabiyoyi saboda kilo ya haura, jirgi kuma na shirin rufe ƙofa. Ku san kilon da aka rubuta a tikitinku, ku auna kaya tun a masauki. Zamzam ba a cusa shi cikin jaka, yana da tsarinsa daban, galan mai lita 5 a rufe. A wannan rana ma za a roƙe ku ku ɗauki kayan wani, amsar ba ta canja ba. Kuma ku fito kafin kwanakin bizarku su cika. Wanda ya ɓuya don ya jira Hajji ba da izini ba, kansa ya jawo wa wahala, ya kuma ƙuntata wa na baya.

Ɗan ƙanena ya je ya dawo lafiya. Da ya zo gaishe ni ya ajiye mini dabino da ɗan zamzam a kwalba, ya ce, "Baba, na ƙirga takardun kayana kamar yadda kuka ce. Kuma wani tsoho ɗan Damagaram da muka zauna kujera ɗaya, ban rabu da shi ba sai da na ga ya hau motarsu." Na ji daɗin dabinon, amma maganar ta fi shi zaƙi.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowane zango, ya sa ku ma ku zama mutanen kirkin da wani zai gamu da su. Amin.