Hanyar Jiragen Sama Ta Maiduguri Da Mazajen Da Suka Buɗe Ta

Mutanen da ke hada-hada a Kasuwar Litinin ta Maiduguri sun saba da rugugin jirgin sama, har ba kowa ke ɗaga kai ya duba ba. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa garin Yerwa yana cikin wurare na farko da jirgin sama ya taɓa sauka a ƙasar nan, kuma ta kansa aka bi da dubban jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda abin ya faru.

Mafarin Al'amari

Ran 17 ga Disamba 1903 waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, Orville da Wilbur Wright, suka tashi da jirgi mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi. Bayan shekara 22 sai ga jirgi a Nijeriya.

Ran 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira. Irin jiragen nan ne da ake kira DH.9A, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an yi su da katako da yadi, kowanne mutum biyu yake ɗauka. Shugaban tafiyar shi ne Arthur Coningham, wanda aka haifa a Ostareliya a 1895, ya kuma sami lambobin jaruntaka a Yaƙin Duniya na Farko. Suka biyo ta Hartum da Fashar da Abeshe da Fotlami, watau Injamena ta yanzu, suka sauka Maiduguri a zamanin Shehu Sanda Kura, suka isa Kano ran 1 ga Nuwamba.

Mai karatu zai lura wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda kakanninmu suka bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka, wani ya yi shekaru bai kai ba. Matuƙan nan sun yi ta cikin kwana shida, ba na'urar da ke nuna musu hanya sai taswira da kamfas. Da injin ɗaya ya mutu a tsakiyar daji, sai abin da Allah ya yi. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu a kan wannan hanya, daga Hartum zuwa Kano.

Lokacin Yaƙi

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus. Bahar Rum ya zama wurin hatsari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen sama. Zagayawa ta kudancin Afirka kan ci makonni da yawa. Sai aka tuna da hanyar 1925.

Dabarar da aka yi ita ce, a kawo jiragen a wargaje cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri, a ƙetare Cadi zuwa Sudan, a gangara Masar. Abin da ya sa aka iya ƙetare Cadi shi ne, a watan Agusta 1940 gwamnanta, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, ya goyi bayan Janar de Gaulle, ya ƙi bin gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus.

Ayari na farko ya tashi a watan Satumba 1940. Akan sa babban jirgi mai inji biyu, Blenheim, ya wuce gaba da mai duba hanya, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi. Idan hazo ya rufe sama matuƙi ya ɓace wa ayari, ko mai ya ƙare masa, sai ya sauka inda ya samu, waɗansu kuwa sun rasa rayukansu a haka. Duk da wannan, daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 aka kai ta wannan hanya. Jamusawa sun san muhimmancinta, shi ya sa a Janairu 1942 suka aiko jirgi ya jefa bom a filin Fotlami.

Wanda ya karɓi jiragen nan a fagen fama kuwa shi ne Coningham ɗin nan, domin a 1941 aka ba shi shugabancin rundunar sama ta hamada, wadda ta taimaka aka ci Jamusawa a El Alamen a 1942. Ya ɓace a Janairu 1948, lokacin da jirgin fasinjan da yake ciki ya salwanta a teku kusa da Bamuda.

Abin Koyi

Na ɗaya, jirgi ba ya tashi sai da mutanen ƙasa. 'Yan ƙasarmu ne suka share filaye, suka yi dakon gangunan mai, suka yi gadi. Littattafan tarihi ba su rubuta sunayensu ba, amma da babu su da hanyar ba ta ɗore ba.

Na biyu, filin jirgi dukiyar jama'a ce. Kiwo a cikinsa, ko ƙona daji da zubar da shara kusa da shi, na iya halaka rayuka masu yawa, domin shara kan tara tsuntsaye, tsuntsu kuwa na iya kashe injin jirgi.

Na uku, aikin nan ya daina zama na baƙi kaɗai. A 1964 aka kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, a shekarar kuma aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya. Ana roƙon iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwa a kan lissafi da kimiyya, domin su ne mabuɗin shiga waɗannan wurare.