Amsoshin Tambayoyinku: Aiki Daga Gida, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Na samu aiki da wani kamfani a Legas, amma daga nan Jalingo zan riƙa yi. Sun turo min gayyatar Slack da Google Drive, taro kuma ta Zoom. Ni WhatsApp kaɗai na iya. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu, Magami, Jalingo.

Amsa: Malama, Allah Ya sanya alheri. Kwantar da hankalinki, wadda ta iya guruf na WhatsApp ta yi rabin tafiya.

Fara da Slack, domin nan ne ofis ɗinki. An raba shi zaure-zaure, kowane aiki da nasa. Ki ɗauki kwana biyu kina karanta tsofaffin saƙonni kafin ki yi magana, ki ga yadda ake tambaya da yadda ake miƙa aiki. In za ki amsa, ki amsa a ƙarƙashin saƙon, kada ki buɗe sabuwar magana. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, amma kada ki rubuta "ina kwana" ki tsaya jira. Haɗa gaisuwar da buƙatarki a saƙo guda. Shugabanki ba ya ganinki a kujera, rubutunki kaɗai yake gani, don haka kullum da yamma ki rubuta abin da kika gama da abin da ya tsaya miki.

Takardu kuwa su zauna a Google Drive. Dalili kuwa, Slack na kyauta yana ɓoye saƙon da ya wuce kwana 90, ki tambaya wane iri kamfaninku ke amfani da shi. Ki kuma kunna damar aiki ba intanet a Google Docs, inda ake rubuta takardun Drive, don ranar da sabis ya ɗauke rubutunki ba zai tsaya ba.

Zoom ne mai cin data, kuma bidiyo ne ke cinye ta. In ba dole ba, kashe kyamara, ki rufe makirufo sai za ki yi magana. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kada ki ɗauka laifin wayarki ne.

Kin san halin wuta. Ki caja kwamfuta da fawabank tun dare, ki tanadi layi na biyu na wani kamfanin waya. Tun makon farko ki tambayi shugabanki ko kamfani na biyan kuɗin data, wannan ba roƙo ba ne. Lambar sirrinki kuma kada ki ba kowa, ko da ya ce daga ofis yake.