Aikin da Ke Ƙarƙashin Zinariya

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka ɗan ba ni aron hankalinka in gaya maka yadda magabatan Turai suke yin madubi mai firam na zinariya, domin na ga kana gaggawar a yaba maka tun aikinka bai nuna ba.

A tsibirin Murano na birnin Venis a Italiya sana'ar ta yi ƙarfi, inda a wancan zamani ake shimfiɗa kuza da zaiba a bayan gilashi. A 1665 ne Colbert, wazirin Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antar madubi a Faransa, ya jawo gwanayen Venis, har daga baya aka jera madubai 357 a zaure guda na fadar Versailles. Zaibar nan ta ci lafiyar ma'aikata da yawa, hannu ya riƙa makyarkyata, haƙora su zube, saboda haka duk wanda ya tsaya yana sha'awar ƙyallin, ya kamata ya tuna su.

Amma firam ɗin nake so ka duba da kyau. Bayan masassaƙi ya fitar da furanni a jikin katako, sai mai zinariya ya dama alli da danƙon fatar zomo ya shafa, ya jira ya bushe, ya sake shafawa, wani lokaci sau takwas ko fiye, sannan ya kankare, ya goge, ya bi da jan yumɓu. Sai bayan wannan duka yake jiƙa wurin ya ɗora ganyen zinariya, wanda numfashi kaɗai kan iya ɗauke shi saboda rashin kauri, ya murza da haƙorin kare ko dutse mai santsi har ya yi walƙiya.

Ka ga, ɗana, zinariyar ba ta rufa wa kowa asiri, domin duk ƙura ko tsagar da aka bari a ƙasa sai ta fito fili, kuma wanda ya ƙi jiran alli ya bushe, ba da jimawa ba aikinsa zai ɓare. Yawancin waɗannan gwanaye ba su rubuta suna a jikin aikinsu ba, ga shi kuma ya haura shekara 300 ana kallonsa.

Saboda haka ka yi haƙuri da ɓangaren aikinka da ba mai dubawa, ka cika shi kamar maigidanka yana tsaye a kanka, domin a nan amana take ginuwa. Allah ya sa albarka a hannunka.