Buɗewar Fim Ɗin Fargaba Na Ɗalibai: Inda Ake Dacewa Da Inda Ake Tuntuɓe

A Ingila, an daɗe ana ba ɗaliban darasin kafofin watsa labarai wani aiki: su shirya minti biyu na farkon fim, kuma da yawansu fim ɗin fargaba suke zaɓa, wato irin wanda ke sa zuciyar mai kallo ɗar-ɗar. Ire-iren waɗannan ayyuka suna nan birjik a YouTube, kuma akwai darasi a cikinsu ga duk mai son haɗa fim da wayarsa.

Kada a ɗora wa waya laifi. A 2018 Steven Soderbergh ya fitar da fim ɗin fargaba mai suna Unsane, wanda ya ɗauka da iPhone 7 Plus. Kafin shi, Sean Baker ya ɗauki Tangerine na 2015 da iPhone 5s.

Yadda buɗewar takan kasance

Tsarin kusan ɗaya ne. Yarinya tana tafiya ita kaɗai da magariba, kyamara na bin ta a baya, a nuna ƙafar wani da ba a ga fuskarsa ba, ta waiwaya, allo ya yi baƙi, sunan fim ya fito.

Inda suke dacewa

1. Ɓoye fuskar mugun. Mai kallo zai tsaya don ya san ko wane ne.

2. Nuna wa mai kallo haɗarin kafin jarumar ta sani. Alfred Hitchcock ya bayyana wannan da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya fashe ba zato, razana ce ta ɗan lokaci, amma idan mai kallo ya san yana nan, kowace kalma ta mutanen da ke zaune wurin sai ta zama abin fargaba.

3. Ɗaukar kusa-kusa. Ido, hannu a kan ƙofa, waya tana ƙara. Ba su cin kuɗi, kuma suna fita sosai a ƙaramin allo.

Inda suke tuntuɓe

1. Sauti. Nan ne aka fi faɗuwa. Makirfon waya yana kwashe iska, ƙarar babur da ta janareta, muryar ɗan wasa kuma ta nutse. Mafita ita ce a saka wata wayar a aljihun rigarsa ta naɗi murya, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka, sannan a daidaita sautin da hoton a CapCut ko DaVinci Resolve ta wurin tafin.

2. Duhu. Ɗalibai kan ɗauka duhu shi ne fargaba. Amma idon kyamarar waya ƙarami ne. Haske na raguwa sai ta ɗaga ISO, hoto ya cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi. Gara a haska gefe ɗaya na fuska da fitila mai caji, a rage hasken a wurin tacewa.

3. Rawar haske. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar, kamar ta Ingila, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan aka ɗauka da firam 30 ko 60 a ƙarƙashin wasu ƙwayayen wuta, layuka kan riƙa gilmawa a hoto. A wayar da ke ba da dama, a zaɓi firam 25 da saurin buɗe ido 1/50.

4. Tsallake layi. Idan yarinyar tana tafiya daga hagu zuwa dama, dole mai bin ta ya nufi dama shi ma. Da zarar an mayar da kyamara ɗaya gefen titin, sai a ga kamar sun fuskanci juna. Wannan ita ce ƙa'idar digiri 180.

5. Kiɗa da rubutu. Kiɗan da ya tashi tun daga daƙiƙar farko ba ya barin wurin ƙaruwa; shiru kafin waiwayen ya fi tayar da tsigar jiki. Kiɗan wani fim kuma, tsarin Content ID na YouTube zai iya gano shi a toshe bidiyon. Rubutun sunaye ma aiki yake yi: a Se7en na 1995, karkataccen rubutun da Kyle Cooper ya tsara ya nuna halin makashin tun ba a gan shi ba.

Gwaji kafin a ɗora

A kunna wa wanda bai san labarin ba bidiyon sau biyu. Karo na farko ba sauti: ya gane wa ke cikin haɗari? Karo na biyu ya rufe ido ya saurara kawai: ya ji maganar, gabansa ya faɗi? Idan kuma bayan minti biyun bai tambayi abin da ya faru da yarinyar ba, to a koma kan tacewa.