Yadda Za Ka Ɗaure Jirgi a Bangon Tasha Ya Kwana Bai Kwaile Ba

Wani ƙanenmu, haihuwar unguwar Nuzla a Jidda, ya tare ni bayan sallar Juma'a ransa a ɓace. Aikinsa kula da jirgin kamun kifi na faiba, mai tsawon mita takwas zuwa tara, na wani Balarabe. Sau biyu ke nan a shekara guda ana zaftare masa albashi saboda gefen jirgin ya kwaile, shi kuwa ya rantse bai taɓa buga shi da bango ba. Na yarda da shi. Da na tambaye shi yadda yake barin jirgin da yamma, sai ya ce igiya ɗaya gaba, ɗaya baya, ya ja su tam, ya jingina shi da tayoyi biyu da ya tarar a rataye a bangon, ya kama hanyar gida. To ƙanena, ga amsar da na yi maka alkawari. Na sa ta a rubuce ne don na san ba kai kaɗai kake wannan aiki ba.

Mu abin da muka gada na jirgi, na kogi ne da tafki. Basarke a Yawuri, ko masunci a Baga, idan ya dawo sai ya tura kwale-kwalensa kan yashi ko laka, ya kafa sanda ya ɗaure. Laka ba ta cin katako. Bangon tasha a Jidda kuwa kankare ne da gishiri ya daɗe yana ci. Ruwan Bahar Maliya na ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna kusan 35 ne, ga shi da ɗumi duk shekara. Siminti ya zaizaye, tsakuwa ta fito, wani wurin rodi ya leƙo da tsatsa, sannan daidai inda ruwa ke taɓawa ƙananan halittun nan masu kwanso sun manne, kaifinsu kamar fasasshiyar kwalba. Shi kuwa farin shafen da ke jikin jirgin faiba, kaurinsa bai fi rabin milimita ba sosai.

Yanzu yi lissafi. A ce ruwa na motsa jirgin sau ɗaya cikin kowace daƙiƙa biyar. Daga magariba zuwa fitowar rana, a ce awa 12 ke nan, ya gogi bango sau 8,640. Yau da gobe shi ke sa allura ginin rijiya. Wannan gugar ta dare ce ke cin albashinka, kuma a da kana iya leƙowa bayan isha'i ka duba. Tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ci Nuzla Yamaniyya da Karantina da Gulail da Sabil da sauransu, da yawanku kun koma unguwanni masu nisa da teku. Dole ɗaurin yamma ya riƙe kansa har gari ya waye.

Fara da duba bangon kafin ka jingina masa komai. Ka je da rana, lokacin da ruwa ya ja, ka bi wurin da ido. Inda rodi ko ƙusa ta fito, ka gaya wa masu kula da tashar, ko ka matsa gaba kaɗan idan da hali. Ka lura ko bangon na da leɓe da ya fito a sama, don gefen ƙaramin jirgi na iya shigewa ƙarƙashinsa ya maƙale idan ruwa ya tashi.

Sai abin da za ka sa tsakani. Ƙa'ida ta farko, a jikin jirgi ake rataya shi, ba a bango ba. Tayar da ke bango tana nan inda take, jirgi kuwa yana hawa yana sauka, in ruwa ya ja sai ka tarar tayar na sama, cikin jirgin na shan kwanso a ƙasa.

Masu sayar da kayan jirgi na da matashin roba da ake hura wa iska, fenda suke ce masa. Ma'aunin da aka saba shi ne inci ɗaya na kauri ga kowace ƙafa biyar ta tsawon jirgi, wato naka inci 6 zai buƙata. Amma wannan ma'aunin na tasha ce mai santsi. A bango irin naku ka roƙi maigidanka ya sayi mai inci 8, guda uku ko huɗu, biyu a tumbin jirgin inda ya fi faɗi, sauran gaba da baya. Kada ka cika shi da iska ya yi tauri kamar ƙwallo. Ya zama idan ka danna da babban yatsa yana ɗan lotsawa, domin wanda ka hura da sanyin safiya, rana ta Yuli za ta ƙara kumbura shi.

Taya kuma ba abin rainawa ba ce, masunta da yawa na amfani da ita. Sai dai a san irin wadda za a ɗauko. Tayar mota tana da waya a cikinta, idan ta suɗe har wayar ta fito, ka rataya wa jirgi burushin ƙarfe ke nan. Ka shafa hannu a kewayenta a hankali kafin ka karɓa a wurin mai faci. Baƙin robar na barin tabo a farin jirgi, saboda haka ka sa ta cikin buhu ko ka naɗe gefen da ke kallon jirgi da tsohon kafet. Sannan ka huda ta a ƙasa, rami biyu ko uku. Tayar da ta tara ruwan sama ko ruwan wanki gidan sauro ce, kuma Jidda ta san zazzaɓin dengi tun 1994.

Amma abin da na fi so ka riƙe a duk wannan rubutu shi ne katako. Fenda kaɗai a kan bango mai kaushi ba ya daɗewa. Kwanso na yanka shi, yana birgima ya kauce, in akwai rami ko ginshiƙi a bangon sai ya faɗa ciki ya bar jirgi tsirara. Maganin wannan tsoho ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ka samo katako mai ƙwari irin wanda magina ke takawa a kan sikafol, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, faɗin inci 6 ko 8, kaurin inci 2. 'Yan'uwanmu masu aikin gini ba za su rasa guntun da za su ba ka ba. Ka zare duk wata ƙusa, ka goge kusurwoyinsa su yi dasashi. Ka rataya fenda biyu ko taya biyu a jikin jirgi, sannan ka rataya katakon a kwance ta wajensu, ya zama jirgi, sai fenda, sai katako, sai bango. Yanzu duk gugar dare katakon ne zai sha, in ya cinye ka juya ɗaya fuskar, in ta ƙare ka nemo wani.

Inda mutane ke kuskure shi ne wajen hudar. Idan ka huda katakon ta fuskarsa ka zura igiya, igiyar za ta riƙa gogar bango, kwana biyu ta tsinke, katako ya tafi da ruwa. Ka huda shi ta kaurinsa, daga bakin sama zuwa bakin ƙasa, kusa da kowane ƙarshe, igiyar ta bi ta cikin itacen, ka yi ƙulli a ƙasa. In ba ka da doguwar mahuda, ka sassaƙa ɗan kwari a fuskar da ke kallon bango, igiyar ta kwanta a ciki. Kuma ka ɗaure shi a ƙarafan da aka yi don ɗaurin igiya, kada ka rataya shi a siririn ƙarfen dafawa.

Yanzu igiya, don ita ce ke hana motsin tun farko. Gajeriyar igiya da aka ja tam, ita ke fizgar jirgi ta maka shi da bango duk sanda wani mai gudu ya wuce ya bar raƙuman ruwa a bayansa, kuma wanda ya taɓa zama a bakin ruwan Abhur ranar Juma'a da yamma ya san yawansu. Ta gaba da ta baya su zama dogaye, su tafi a karkace zuwa ƙawanyar da ke nesa da jirgin, da ɗan sassauci. Sannan ka ƙara biyu da ba ka da su: ɗaya ta taso daga goshin jirgi ta koma baya ta kama bango daidai gindinsa, ɗaya ta taso daga gindin ta tafi gaba ta kama daidai goshin, su gicciye juna. Waɗannan biyun su ke hana jirgi zamewa gaba da baya, kuma su ke sa katakonka ya tsaya inda ka ajiye shi.

Ka nemi igiyar nailan mai tufka uku, tana miƙewa ta shanye fizga. Shuɗiyar nan mai arha da ke yawo a kan ruwa, ranar Jidda na cinye ta. In ka murza ka ga gari na zuba a hannunka, ta mutu. Araha ba ta ado. Inda igiya ke hawa bakin kankare, ka zura mata guntun tiyo, ko ka sa gajeriyar sarƙa a ƙawanyar ka ɗaura igiyar a jikinta.

Nawa ne sassaucin? Hawa da saukar ruwa na kullum a Jidda ba shi da yawa, bai cika wuce santimita 30 ba, shi ya sa mutane ke sakaci. Amma akwai na shekara. A lokacin zafi iskar arewa na tura ruwa kudu ya fita ta Babul Mandab, rana kuma na ƙafar da shi, sai tekun ya sauka. A lokacin sanyi ya dawo, bambancin kan kusanci rabin mita. Ɗaurin da ya yi daidai a Janairu, a Agusta zai ajiye jirgin daidai layin kwanso. Duk canjin yanayi ka sake aunawa.

Haka iska. Mafi yawan shekara daga arewa ko arewa maso yamma take bugowa. In kana da zaɓi, ka ɗaure ta gefen da take ture jirgi daga bango. Amma ranar da iskar azyab ta taso daga kudu da ƙurarta da gumi, komai ya juya, wurin da yake lafiya jiya shi ne na duka yau. Ranar da ka ji ta, ko kana ina, ka je. A irin wannan rana, ko idan za a bar jirgin kwanaki, ka jefa anga ta ɗaya gefen, can cikin ruwa, ka ja igiyarta har jirgin ya rabu da bango da kamar kamu guda. Wannan ya fi kowane fenda. Sai dai ka nemi izinin masu tasha tukuna, ka sa wa igiyar nauyi ta nutse don kada ta naɗe farfelar wani, kuma kada ka jefa ta kan murjani mai rai.

Ƙurar azyab ma na da nata aikin. Tana shiga tsakanin fenda da jikin jirgi ta haɗu da busasshen gishiri ta zama sanfefa. Duk ranar da kuka dawo daga kai kifi kasuwar Bangala kana wanke jirgi, ka ɗaga kowane fenda ka wanke bayansa da ruwan daɗi, buhun da ka sa wa taya shi ma ka ɗauraye.

Ruwan sama ba ya zuwa kullum, amma wanda ya ga 25 ga Nuwamba 2009 ko 24 ga Nuwamba 2022 ya san yadda yake zuwa in ya zo. Buɗaɗɗen jirgi na cika ya yi nauyi ya rataye a igiyoyinsa. Daga Nuwamba zuwa Janairu ka tabbata famfon kwashe ruwa na aiki, batirinsa na da caji, ramukan fitar ruwa ba su toshe da ɓawon kifi ba.

Abu ɗaya kuma, don Allah, kada ka taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango don ka tare shi. Jirgin da ya kai tan biyu ba ya jin ƙashin mutum. Lokacin shigowa ka riƙe fenda ɗaya sake a hannu da igiyarsa, ka sauke shi duk inda za a haɗu.

Game da kwailewar da ta riga ta faru, ka duba zurfinta. Idan farin shafen ne kawai ya karce, gogewa da man sheƙi za su rufe shi. Idan ka ga zare-zaren faiba sun bayyana, kada ka bar shi, ruwa zai bi ta nan ya shiga. A wanke da ruwan daɗi, a bar shi ya bushe sarai, sannan mai gyara ya cike. Kafin nan ka ɗauki hoton gefen jirgin duka biyu da wayarka, da bangon, da yadda ka ɗaure, ka tura wa maigidanka ta WhatsApp tare da jerin abin da kake buƙata da kuɗinsa: fenda huɗu, igiyar nailan, guntun tiyo. Ka riƙa yin haka duk yammar Alhamis. In ya saya, jirginsa ya tsira. In bai saya ba, ranar da maganar albashi ta sake tasowa, saƙon na nan da kwanan watansa.