Amsar Tambaya: Me Zan Gani a Gusau da Kewayenta?

Tambaya: Malam, an turo ni bautar ƙasa Gusau daga Zariya. Ina son ganin gari, amma iyayena suna tsoron hanya. Mece ce shawararka?

Amsa: Ɗana, tsoron iyayenka yana da dalili, domin 'yan bindiga sun daɗe suna addabar hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ka yi tafiya da rana tsaka, a motar tasha, kuma ka tambayi direbobi halin hanya kafin ka hau. Matambayi ba ya ɓata.

Fara da cikin gari. Gusau ta zama babban birnin Zamfara a 1996, amma tarihinta yana komawa ga Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ka ziyarci fadar Sarkin Katsinan Gusau, ka ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sannan ka shiga kasuwa ka sayi hoce mai ɗumi, ka bi shi da fura da nono.

Idan hanya ta yi lafiya, nufi Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Dutsen Kwatarkwashi ya tsaya a kan garin kamar garkuwa, maiki na shawagi a samansa. Ka fara gaida masu gari, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora. A wajen Tsafe kuma akwai 'Yandoto, garin malamai tun kafin jihadi.

Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kuma ka koma masauki kafin la'asar ta yi sanyi. Allah ya kiyaye hanya.