Kunne da Ƙara: Yadda Ake Zaɓen Marufin Kunne

Gabatarwa

A unguwar da nake zaune akwai wani dattijo mai injin niƙa wanda ya fi shekara 20 yana wannan sana'a. Idan ka gaishe shi sai ka maimaita sau biyu ko uku, idan kuma zai amsa sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani daga hayin kogi. Jama'a suna cewa tsufa ne, ni kuwa ina kyautata zaton injin nan ne ya ci kunnensa kaɗan-kaɗan. A unguwar kuma akwai ɗalibai masu shirin jarrabawa waɗanda janareton maƙwabta ya hana su karatu da barci. Dukansu suna bukatar kariya daga ƙara, amma abin da zai amfani mai niƙa dabam yake da wanda zai amfani ɗalibi. Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya san yadda zai zaɓa.

Abin da ƙara ke yi wa kunne

Sauti karkarwa ce da ke tafiya cikin iska. Idan ta shiga kunne sai ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya miƙa ta ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su isar da ita can ciki, ga wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikin katantanwar nan akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da karkarwa ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana lanƙwasa gashin har ƙwayoyin su mutu. A shekarar 1988 masu bincike sun nuna cewa tsuntsaye suna iya sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi, amma ɗan Adam ba ya iyawa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan, kuma ɓarnar ba ta zuwa da ciwo, sai dai wani lokaci mutum ya ji kunnensa yana kuka.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa takan kai 30, hira ta yau da kullum kuwa 60. Abin lura shi ne duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sauti sau biyu. Don haka hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ba da shawara a 1998 cewa kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙarar desibel 85. Idan ta kai 88 sai awa 4, a 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15 kacal. Ga ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai taku ɗaya ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai matsayin haɗari.

Ƙarar da ba ta kai ta kurmantar ba ita ma tana da illa, domin kunne ba ya barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada hayaniyar ɗakin kwana ta wuce desibel 30, ta aji kuma 35.

Ire-iren kariya

Na farko shi ne marufin kunne, wato ƙoƙuna biyu masu soso a ciki, da baki mai taushi, da maɗaurin da ke bi ta kan kai. Na biyu matoshin kunne na soso, wanda ake cusawa cikin ramin kunne. Waɗannan biyun tare sauti suke yi, kuma sun fi ƙarfi a kan siririn sauti mai kaifi. Na uku marufin lantarki ne. Yana da ƙaramin makirfo da ke sauraron ƙarar waje, sai ya fitar da wani sauti kishiyarta, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, su kashe juna. Wannan dabara ta fi aiki a kan kakkauran rugugi marar canzawa, kamar na jirgin sama ko janareto. Maganar mutane da kukan yara kuwa suna ratsa ta.

Lambar da ke jikin kwali

Kayan Amurka suna ɗauke da lambar NRR, na Turai kuma SNR. Lambar tana nuna yawan desibel ɗin da kayan suka rage a ɗakin gwaji, inda ƙwararru suka tabbatar sun zauna daidai. A wurin aiki ba a samun haka. Wata hanyar lissafi da ake amfani da ita a Amurka ita ce a debe 7 daga NRR, a raba saura biyu. Marufi mai lamba 27 ke nan desibel 10 za a sa ran ya rage. Idan an haɗa matoshi da marufi, ƙarin bai wuce kimanin desibel 5 ba, domin sauti yana bi ta ƙashin kai ma. Saboda haka babu kayan da ke kawo shiru ɗungurungum, kome tsadarsu.

Zaɓe bisa bukata

Mai niƙa, da maƙeri, da mai yankan katako ko ƙarfe su nemi marufi mai babbar lamba. Sai dai lamba ba ta da amfani idan bakin ƙoƙon bai manne da fata ba. Ƙafar tabarau, da gefen hula, da ɗankwali duk suna buɗe kafa. Kuma a bar shi a kunne muddin inji yana aiki: wanda ya cire shi na minti 5 cikin kowace awa saboda gumi, kariyarsa ba za ta wuce desibel 11 ba, kome kyawun marufin. Marufi marar nauyi da za ka jure yini guda ya fi ƙaƙƙarfan da za ka riƙa cirewa.

Ɗalibi da ma'aikacin ofis kuwa rage hayaniya suke bukata. Idan surutu ne ya dame su, matsakaicin marufi mai araha ya wadatar. Idan rugugin janareto ne, na lantarki ya fi, amma a tuna yana cin batir, kuma sakin kiɗa da ƙarfi a cikinsa wata sabuwar ɓarna ce ga kunne.

Fasinjan jirgin sama ko na doguwar tafiya a mota zai fi jin daɗin na lantarki. Direba, da mai babur, da mai tafiya a ƙasa gefen titi kada su rufe kunne ko kaɗan, domin ƙahon mota na iya zama abin da zai ceci rai.

Wajen barci marufi ba ya yi, saboda da zarar ka juya gefe zai goce. Matoshin soso ya fi. A murza shi ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a cusa, a riƙe na kusan rabin minti har ya kumbura. A sa shi da hannu mai tsabta, a canza shi idan ya yi dauɗa, kada a ba wani aro. Mai ciwon kunne ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa ya ga likita tukuna. Auduga kuwa, da mutane da yawa ke cusawa, kariyarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Kammalawa

Kafin ka sayi marufi, tambayi kanka abu uku: wace irin ƙara ce, tsawon wane lokaci zan zauna cikinta, kuma wane sauti ne dole in ci gaba da ji? Inda kuma za a iya nisanta janareto daga taga ko a gyara salansarsa, a fara da wannan.

Aiki a aji

1. Malami ya kunna rediyo. Ɗalibai su danne kunnuwansu da tafin hannu sosai, sa'an nan su ɗaga gefen hannun kaɗan. Me wannan ya nuna game da tabarau da hula?
2. Injin niƙa yana ƙarar desibel 94. Awa nawa ya kamata mutum ya yi kusa da shi ba kariya?
3. Idan mai injin ya sa marufi mai NRR 25, desibel nawa za a sa ran ya isa kunnensa?